Larabar da Na Kashe Mma Lariba

Salamatu, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake a yanzu abin da kika iya yi da waya shi ne ki cusa ta a baki. Nan da 'yan shekaru za ki fara leƙa ƙofar gida, za ki ji manyan mutane masu gemu suna kiran ubanki Azara'ilu, shi kuma yana amsawa har da ɗaga hannu. Kowa a unguwarmu ta Akwatialine yana da nasa labarin yadda sunan ya samu, kuma kowa ya zuba masa gishirinsa. Wani zai ce miki har kabari aka haƙa a maƙabartar Tafo. Ƙarya ne, ba a haƙa ba, an dai kira masu haƙan. To gara ki ji daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

Ni ban yi makarantar Hausa ba. A nan Kumasi Hausa ta gida ce da kasuwa da masallaci, a aji kuwa Turanci da Twi aka dinga ɗura mana. A waya na koyi rubuta ta. Wani abokina ne ya jefa ni wani guruf na masu karanta labarai, na fara bi da kyar kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi, kafin shekara na koma ba na iya cin abinci sai da labari a hannun hagu. Abin da ya dame ni ɗaya ne: duk labaran a Kano suke, ko Kaduna, ko Abuja. Ba wanda ya taɓa sa yarinya ta ɓace a cikin kasuwar Kejetia, ba wanda ya san ƙarar guduma a Magazin ta Suame, inda ake kawo duk motar da ta mutu a ƙasar nan a tashe ta. A can nake aikin lantarkin mota a garejin Baba. Na ce to ni zan rubuta mu. Na buɗe bulog, shafina na kaina, na sa masa suna Kofin Koko. Ina rubutu a ƙarƙashin bas in aiki ya yi sauƙi, da babban yatsa ɗaya, sauran yatsun duk baƙin mai. Shekara biyu ina zubawa, masu karanta ni ba su cika trotro ɗaya ba, 'yar bas ɗin hayarmu ta nan, kuma na san rabinsu da suna.

Sunan shafin daga kakata na ɗauko shi, uwar Baba. Sunanta na yanka Salamatu, naki ke nan, amma duk zango Mma Lariba mai koko suka sani. Tun kafin a haifi Baba teburinta yake bakin masallacin unguwa, da babbar tukunya da ludayi da ƙosai a lulluɓe. Ni mijinta take ce min, irin wasan jika da kaka.

"Ga mijin banza nan ya dawo," in ji ta in na shigo. "Ba cefane, ba sabulu, sai shafa waya kamar mai lallashin jariri."

"Littafi nake rubutawa, Mma."

"A dafa shi mu ci mana."

Littafin kuwa da gaske nake. Wata goma sha ɗaya na yi a kansa, babi arba'in. Labarin wata mai koko ce da ta rasu, ranar sadakar bakwai sai ga wani mutum daga Tamale ya ce shi ɗanta ne da ta ɓoye. Na gwada mata suna kala-kala, babu wanda ya zauna a bakina sai Lariba, sai na bar shi. A tunanina masu karatun suna can bayan ƙasashe biyu, ina ruwansu da wata Lariba ta Kumasi.

A lokacin ina cikin wani guruf na marubuta, yawancinsu mata ne daga Najeriya da Nijar, ni kaɗai ne ɗan Gana, kuma haka suke kirana. Shugabar guruf ɗin Anti Hafsa ce, ban taɓa ganinta ba sai muryarta. Dokarta ita ce Laraba ranar talla: ka yi sharhi a kan aikin mutum uku, sannan a ba ka dama ka tallata naka. Da na ce mata zan fara sakin littafina, ta aiko min da murya.

"Ɗan Gana, rubutunka ba laifi, amma tallarka irin ta mai maganin basir ce a tasha. Ku zo ku karanta, ku zo ku karanta. Wa zai zo? Jefa musu abin da zai sa gabansu ya faɗi. Kar ka yi bayani. Ka sa linki can ƙasa, ka yi shiru."

Na ji maganar nan ta shige ni paa. Na yi kwana biyu ina juya ta, ranar Laraba da safe na rubuta wannan:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Mma Lariba mai koko ta bakin masallaci rasuwa yau da safe. Matar da ba ta taɓa mayar da yaro da kofi wayam ba. Jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidanta.

Na bar fili mai tsawo, can ƙasa, inda sai ka ja da yatsa za ka gani, na rubuta: Me ta ɓoye shekara arba'in? Danna nan ka karanta babi na ɗaya. Na tura guruf ɗinmu. Da na tsaya nan da ba ki san wannan labari ba. Amma kwaɗayin masu karatu ya ja ni, na tura duk guruf ɗin da nake ciki, har da na 'yan ƙwallon unguwarmu. Na jefa wayar a durowa, don dokar Baba ce ba a shiga ƙarƙashin mota da waya, na kama aikina ina jin kaina wani babban marubuci.

Abu biyu ne ban sani ba. Na farko, tun Litinin a gareji nake kwana saboda wata bas da ake jira, ban san ƙafar Mma ta kumbura ba, har ranar ba ta fitar da koko ba. Mutane sun fito sallar asuba sun ga teburinta a kife, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Na biyu, mutanenmu da yawa ba sa karanta Hausar boko. Wani bawan Allah mai son lada ya ga saƙon, ya ce bari ya taimaki tsofaffi, ya karanta shi da murya ya tura. Murya kuwa ba ta ɗaukar linki. Kuma ke ma za ki girma ki gani, mu a zango mutuwa ba ta jira. Maƙwabtanmu Asantawa sai su ajiye gawa wata da watanni, su buga hotuna, su sa rana. Mu sa'o'i kaɗan ne. Wanda ya ji ba ya tsayawa bincike, turawa yake ya rufe shago ya kama hanya, don kar a kai mutum ba shi.

Wajen sha ɗaya na ji ana jan ƙafata daga ƙarƙashin bas. Wani fita ne, wato makanike, maƙwabcinmu.

"Mumuni, fito. Sai haƙuri. Tsohuwa ta tafi."

Wallahi, Salamatu, na yarda. Ko kaɗan tallata ba ta faɗo min a rai ba. Na ga Baba tsaye da sifana a hannu bai san yana riƙe da ita ba. Ya kira wayar Mma, a kashe, don kullum kashe ta take wai kar caji ya ƙare. Ya kira mahaifiyata a Kejetia, ya same ta tana kuka a hanya. Maƙwabcin nan ya ɗebe mu a motar wani kwastoma, Baba a gaba, ni a baya. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ba sauti, hawaye ne kawai suna yanka hanya a cikin baƙin man fuskarsa.

"Man zafi ta ce in sayo mata," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Na ce sai yamma."

Mun shiga cunkoso kusa da Kejetia, mota ta tsaya cik. Mai tuƙin ya ce bari mu ji ko sun faɗi lokaci, ya kunna saƙon. Muryar wani dattijo ce da ban sani ba, a nutse, da salati. Ina ji ina share ido, har ya kai wurin da ya ce, matar da ba ta taɓa mayar da yaro da kofi wayam ba. Jimlar nan sau shida na gyara ta. Na san inda na cire "komai" na sa "wayam".

"Baba."

Bai juyo ba.

"Baba, ni na rubuta."

"Ka rubuta me?"

"Sanarwar. Labari ne. Talla ce ta littafina."

Mai tuƙin ya kalle ni ta madubi, bakinsa a buɗe. Baba ya juyo a hankali, duk jikinsa, kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Uwata tana da rai?"

"Ina jin tana da rai."

"Kana ji."

Ni kuwa a ragowar hanyar nan wani tsoro ne ya kama ni: in fa bakina ya kama ta? In fa mun je mun tarar da gaske ne?

Layinmu ya cika. An fito da bencinan masallaci an jera, wasu sun yi alwala, mata sun cika tsakar gida har zaure. Amma babu kukan da ake ji, sai wata irin hayaniya, rabi dariya rabi faɗa. Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. Mma tana ɗaki ta shafa magani ta yi barci, kukan mata ya tashe ta. Ta dogara sandarta ta ɗaga labule ta ce, "Wa ya mutu?" Mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta bar goyo a hannun wata. Maame Yaa, Ba'asantiyar da ke sayar mata da gawayi shekara da shekaru, ta riga ta ɗauro baƙin zane tana kururuwar "Due o, due!", irin tasu gaisuwar mutuwa, ta faɗi zaune a cikin bahon wanki. Da muka shiga, Mma tana kan kujerarta 'yar tsugunno, ƙafar a miƙe, ana ta taɓa ta. Baba ya durƙusa ya kama hannunta ya kifa goshinsa a kai. Ta dafa masa kai, idonta yana neman wani a cikin taron. An riga an bi saƙon an gano daga wayar da ya fito.

"Ina mijin nawa? Matso. Wasu mazan saki suke yi in sun gaji. Kai kisa ka zaɓa?"

Aka kwashe da dariya. Maame Yaa ta nuna ni da yatsa, zanenta yana ɗiga.

"Wannan yaro, Azara'ilu ne sak, kuraa!"

Kin ji inda sunan ya fito. Ni ma na fara sakin fuska, na ɗauka abin zai ƙare a dariya. Sai ga Alhaji Tanko ana gab da la'asar. Ƙanin Mma ne, dillalin shanu a Techiman, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ga shi da hawan jini. An yi ta kiransa a ce ya koma, ashe ya kashe wayarsa a mota don ya gaji da amsa gaisuwa. Ya shigo da leda a hammata, ya gan ta zaune tana ba da labari. Bai yi salati ba, bai yi dariya ba. Aka tare shi aka zaunar. Ledar ta faɗi, farin yadi ya leƙo, da kwalbar turare. Likkafani ya tsaya ya saya kafin ya hau mota. Ya fi minti goma da kofin ruwa a hannu ya kasa kai shi baki. Mma ta jawo yadin da sandarta, ta ninke shi a cinya.

"Mai kyau ka zaɓo, Tanko. A ajiye. Ba zai yi asara ba."

Da jama'a suka watse Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Abin nan da kake rubutu a ciki, ka goge shi. Duka. In ya wuce Juma'a, ka nemi wani gareji."

Na karɓo wayata daga gareji washegari, na buɗe, na ga abin da na yi shekara biyu ina roƙon Allah. Shafina ya cika. Sharhi a kan sharhi, mutanen da ban taɓa jin sunan garinsu ba suna cewa ina babi na biyu. Labarin tsohuwar da ta tashi ta tambayi wa ya mutu ya riga ya zaga, kowa yana son ganin littafin da ya jawo haka. Anti Hafsa ta aiko murya tana dariya har da tafi.

"Ɗan Gana, ka ga abin da nake gaya maka? Kar ka kuskura ka goge komai. Saki babi na biyu yau yau, ƙarfe da zafinsa ake dukansa. Tsohuwa ai tana nan da ranta, me aka rasa?"

Ba zan yi miki ƙarya ba, na buɗe babi na biyun, yatsana ya yi ta shawagi a kan wurin turawa. Sai in tuna kofin ruwan nan a hannun Alhaji Tanko. Na mayar da wayar aljihu na tafi gida.

Na tarar da Mma a tsakar gida da rana tana tace gero, ƙafar ta ɗan saɓe. Ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin. Ta ce in zauna.

"Tunda ka kashe ni, karanta min in ji yadda na mutu."

Na karanta mata babi na ɗaya. Tana tata tana saurare. Da na zo inda mai kokon ke zuba wa kowa sukari, ta tsayar da ni, ta ce ita ba ta taɓa sa wa mutum sukari bai tambaya ba, rabin tsofaffin masallacin nan ciwon suga gare su, so nake a ce ita ta ƙarasa su? Da na zo kan mutumin Tamale, ta ajiye rariyar.

"Ɗa? A Tamale? Ni da ban taɓa wuce Kintampo ba? Ei, Mumuni. Ka kashe ni bai ishe ka ba, sai ka yi min cikin shege a kabari."

Na sunkuyar da kai. A wata goma sha ɗayan nan ban taɓa kallon abin ta nan ba, ko sau ɗaya.

"To ya aka yi da shi?" in ji ta can. "Ɗan nata ne da gaske?"

"Sai a babi na talatin ake sani."

"Kai dai mugu ne." Ta ci gaba da tata. "Ƙaryarka tana da daɗi, ba zan hana maka ba. Amma ba ka da ladabin ƙarya. Mu da muka yi muku tatsuniya, da me muke buɗewa?"

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ku ce?"

"Ta zo mu ji ta."

"To. Daga nan ko na ce kura ta yi sallah, ba mai rufe shago. Na riga na gaya muku ƙarya ce, kun ce ta zo. Kai kuwa ka ɗauki Innalillahi, kalmar da aka ajiye wa rana ɗaya, ka buɗe ƙaryarka da ita. Wa ya koya maka?"

Na ce mata ta roƙar min Baba. Ta girgiza kai, ta ce ɗanta ya yi kukan uwarsa daga Suame har gida, ba ita za ta ce masa bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na sami Baba a zaure. Na riga na yanke abin da zan yi. Na ce masa littafin na goge shi, babi arba'in, daga shafi da waya da ko'ina, na nuna masa. Na ce zan yi murya in ba da haƙuri in tura duk inda waccan ta shiga. Zan bi gida gida duk wanda ya taka ƙafa ya zo, zan je Techiman. Amma shafin ba zan rufe ba.

"Ban ji ba."

"Laifina ne, Baba, ba laifin rubutu ba. Kai ma ka taɓa ɗaura injin da ya buga, ba ka bar Magazin ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce har yau nake da-na-sanin faɗa. Sauran duk ina kan bakana. Ya dube ni, ya ce in je in kwashe kayan aikina kafin Litinin. Baba ba ya magana biyu. Na koma rumfar wani masta mai gyaran mota, layi biyu daga garejinmu, na sake zama kamar sabon shiga, ni da ake kira da suna a wurin ubana. Kullum da safe sai na wuce ta gabansa. In yi sallama, ya amsa, idonsa a kan inji.

Ban haƙurin ya ci min mako uku. Wasu sun yi dariya sun ba ni ruwa. Wani mai yadi a Kejetia ya tsayar da ni a rana ya wanke ni tas a gaban yaransa, na tsaya na sha. A Techiman na sami Alhaji Tanko a kara, cikin shanu. Ya bar ni a tsugune har sai da ya gama ciniki.

"Daga nan har Offinso," in ji shi, "ina lissafa abin da na yi wa yayata ban nemi gafara ba. Da ta mutu da shi ke nan. Yanzu ka ja min, sai na je na nema. Tashi, na yafe. Amma in ka tashi kashe ni, ka bari sai bayan sallar layya, kasuwa ta yi kyau."

A guruf na rubuta abin da ya faru, na ce don Allah kar wani ya sake irin wannan talla. Wasu suka ce na cika tsoro, Anti Hafsa ta ce na zubar da abincin da aka kai min har baki, ta daina sa sunana a jerin Laraba. Masu neman babi na biyu suka jira mako guda suka watse. Na koma trotro ɗina da bai cika ba.

Amma na fita da abu ɗaya a hannu. Shekara biyu ina bin mutanen Kano da Zinder su karanta ni, ga mutanena a bayan gida, kuma na ga da idona yadda murya ɗaya ta tashe su cikin awa biyu. Ashe ba labari ne ba sa so ba, karatun ne ba su saba ba. Sai na fara sabon salo. In rubuta gajeren labari in sa a shafi, in karanta shi da murya in tura. Kafin ya fita sai Mma ta ji, tana tata ina karantawa, ta cire min duk sunan da ya yi kama da na mai rai, ta gyara min abin da ba haka ake yi ba. Kuma kowace murya, ko ta minti biyu ce, da abu ɗaya nake buɗe ta: Ga ta nan, ga ta nanku. Na farko labarin wani direban Bolga ne da ya ɗauko akuya ta cinye masa takardun mota. Wata biyu ba wani motsi. Sai wata rana ina haɗa batir, wani mai walda da ban sani ba ya ƙwala min kira daga nesa, "Azara'ilu! Ta zo mu ji ta!" Daga nan mata masu ɗinki suka fara kunna ni a shago, direbobi a tasha. Na buɗe namu guruf ɗin na marubutan zango, daga Kumasi da Nima ta babban birni da Tamale, muna nan muna koya wa juna. Na ɗauko dokar Anti Hafsa ta sharhi uku, don doka ce mai kyau. Na ƙara tawa guda: ba a talla da mutuwa.

Shekara uku muka yi haka da Mma. Na yi aure a ciki, Baba ya tsaya min a komai kamar yadda uba ke yi, amma ko sau ɗaya bai ambaci rubutu ba, ni ma ban koma garejinsa ba. Ranar wata Lahadi, mahaifiyarki tana da cikinki wata bakwai, Mma ta sayar da kokonta tas, ta wanke tukunya, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Hantsi bai gama ɗagawa ba ta cika. Mahaifiyata ta buɗe akwatinta, yadin Alhaji Tanko yana can ƙasa a ninke, da turarensa.

Ina tsaye a zaure ban san inda zan sa kaina ba, Baba ya fito ya tsaya a gabana.

"Ka sanar."

"Ni? Baba, ba wanda zai yarda. A sa liman, ko wani."

"Ita ta ce kai. Tun bara ta gaya min. Ta ce mijinta ya riga ya gwada hannu. Za su yarda. Kowa ya san in ba ka ce ga ta nan ba, ba labari ba ne."

Na ɗaga kai na dube shi.

"Tun na direban Bolga nake ji," in ji shi. "Yi sauri, rana tana tafiya."

Na danna wayar. Na faɗi sunanta, na faɗi lokaci, na faɗi wuri. Ban ƙara ko kalma ɗaya ta ado ba, har jimlar kofin nan da ta zo min baki na mayar da ita. Na tura, na riƙe wayar ina jiran wanda zai fara kira ya ce, Azara'ilu, da gaske ne ko irin taka ce?

Ba wanda ya kira, Salamatu. Bencina kawai na ji ana ja daga masallaci.